Alƙalin Shinkafa da Wake

Taufiq Sabitu mutum ne mai son a kira shi shugaba, Allah kuwa ya ba shi abin shugabanta, sai dai ba shi da yawa. Ƙungiya ce ta ɗaliban digiri na biyu da na uku a sashen tarihi na jami'a, mai dogon suna da Faransanci, wanda idan aka juya shi zuwa Hausa zai zama Ƙungiyar Nazarin Tarihin Ƙetare Iyaka da Kwatanta Al'ummomi. Manufarsu ita ce a daina rubuta tarihin Togo kamar daga bakin iyaka duniya ta ƙare, a dinga ɗauko abin da ya faru a Gana da Benin da Nijeriya ana jerawa ana kwatantawa. Ranar da aka kafa ta ɗaki ya cika maƙil. Da aka soma zama sai jama'a suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rage su uku: Taufiq shugaba, Zahida sakatariya, da Tchakoura, ɗan ƙabilar Kotokoli daga garin Sokodé, wanda shi ne mataimakin shugaba, shi ne kuma duk jama'ar da ake yi wa jawabi.

Da yake dukansu a Zongo suke zaune, can arewacin Lomé wajen Agoè, sai suka mayar da zamansu barandar gidan su Taufiq, don a huta da hawan zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa jami'a. A nan Taufiq yake karanta musu babi-babi na bincikensa kan harajin kwastan a zamanin Jamusawa da na Ingilishi. Tchakoura kan saurara da ido rufe, ya ce haka ya fi fahimta. Zahida kuwa takan zuba tagumi tana kallon Taufiq, shi kuma duk sa'ad da suka haɗa ido sai ya ɓata layi. Ya daɗe yana sonta. Ya sha shirya maganar a zuciyarsa, amma da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana tambayarta ko ta gama gyara tsarin bincikenta.

Wata rana, yana tsakiyar bayanin kuɗin fiton gishiri, Zahida ta ɗaga hannu.

"Shugaba, in faɗa maka gaskiya? Babu mai barin shagonsa ya zo jin harajin Jamusawa. Ko Jamusawan ba za su zo ba. Mu yi magana kan abin da mutane ke sa wa a baki."

"Kamar me?"

"Shinkafa da wake. A Kano garau-garau ne. A Accra waace, kuma sunan ma daga kalmar wake ya fito. Nan Lomé ayimolu, a Benin atasi. Abinci ɗaya, ƙasa huɗu, kuma fatakenmu sun bi duk hanyoyin nan. In wannan ba tarihin ƙetare iyaka ba ne, to mene ne?"

Tchakoura ya buɗe ido tangaran, abin da bai taɓa yi ba a zaman ƙungiya. Taufiq ya so ya ce maganar ba ta da nauyin ilimi, sai dai Zahida ta yi murmushi, shi ke nan ya ce dama abin ya daɗe a ransa. Aka tsayar da taron jama'a a farfajiyar wata Islamiyya ta unguwa, aka gayyaci malaminsu, Dakta Alassani. Tchakoura aka ba aikin yaɗa sanarwa, shi kuma bisa raɗin kansa ya ƙara kalma uku a ƙarshe: za a ɗanɗana.

Mahaifiyar Taufiq, Hajiya Batul, kwanuka da tukwane take sayarwa a kasuwar Assiyéyé. A tsohon Zongo aka haife ta, tun kafin a taso unguwar daga cikin gari. Sau ɗaya tak ta taɓa zuwa Kano, wajen wani biki, ta dawo tana cewa mutanen can suna magana kamar ana korarsu. Amma da zarar gardama ta tashi, "mu Kanawa" ce ke fara fitowa daga bakinta, don kakanta daga can ya zo. Tana zuba wa Taufiq abinci ya ba ta labarin taron, yana ta faɗi-faɗi.

"Wato za ku tara mutane ku ce 'yan Gana ne suka koya mana dafa wake?" in ji ta.

"A'a, Mma. Kwatantawa kawai za mu yi."

"Na ji an ce za a ɗanɗana. Wa zai dafa?"

"Mahaifiyar Zahida ta ce za ta kawo ɗan waace."

Hajiya Batul ta ajiye ludayi a hankali. "Asiyatu? Asiyatu mai atamfa ta kasuwar Assigamé, wadda ke rina shinkafa kamar zane? Ita ce za ta ciyar da mutane a taron ɗana, ni ina zaune da hannu biyu?"

"Mma, ba gasa ba ce."

"Wa ya ce gasa ce? Ci abincinka."

Ranar taro, bayan la'asar, Taufiq ya iso sanye da kwat cikin zafin Lomé, ya tsaya turus a ƙofa. Farfajiya ta cika har kan katanga. Dattawa a gaba bisa benci, mata a gefe, samari 'yan zemijan sun jera babura a waje. Zuciyarsa ta yi fari, ya ce a ransa ashe mutanen Zongo suna ƙishin ilimi. Sai daga baya ya lura kusan kowa da kwano a hannu.

A kan tebur kuwa tukwane uku ne, ba ɗaya ba. Ta Hajiya Batul sai da aka ɗauko keke mai ƙafa uku kafin ta iso: farar shinkafa da wake warawara, ga mai, ga yaji a gefe, babu wani ƙyale-ƙyale. Hajiya Asiyatu, wadda aka haifa a Nima ta Accra aure ya kawo ta Lomé, ta sauka daga tasi da babban baho na waace ja wur saboda karan dafi, sannan ƙananan kwanuka suka biyo baya kamar kayan lefe: baƙin yajin shito, taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda. Tukunya ta uku ta Adjara ce, gwaggon Tchakoura, mai sayar da ayimolu a bakin masallaci. Ita ba a gayyace ta ba. Ta ga taro ne ta biyo da kayanta, ɗan ɗan'uwanta kuma ya ba ta wuri a tebur.

Hajiyoyin biyu suka gaisa doguwar gaisuwa, suka tambayi gida da yara da kasuwa da gajiya, kowace idonta na kan murfin tukunyar 'yar'uwarta.

Taufiq ya karɓi abin magana ya soma da Faransanci, yana bayanin ma'anar kwatanci a ilimin tarihi. Bai yi nisa ba wani dattijo ya buga sanda a ƙasa.

"Yaro, da Hausa! Mu ba mu yi makarantar lekol ba."

Ya koma Hausa, sai samari daga baya suka ce shi dai ya yi sauri ko da wane yare ne, abinci na hucewa. Ya daure. Ya yi maganar fataken goro, ya ambaci Djougou da Sansanné-Mango da Salaga, ya ce duk inda ayari ya sauka akwai matan da ke dafa wa baƙi abinci. Dattawa suka fara gyaɗa kai, har ya ji ƙarfinsa ya dawo. Sai ya ɗaga yatsa ya faɗi jimlar da ya fi alfahari da ita a duk jawabin.

"Saboda haka, babu wanda zai iya cewa ga inda aka fara wannan abinci."

"Ni zan iya," in ji Hajiya Batul, tana miƙewa tana gyara mayafi. "A tukunyar kakannina aka fara. Kakana da jakuna ya taso daga Kano, matarsa tana dafa musu wannan a kowane zango. Mutanen hanya suka gani suka kwaikwaya. Waɗanda suka kasa yin shi warawara, sai suka zuba masa launi don a rufe asiri."

Farfajiya ta yi "Ahaf!" Hajiya Asiyatu ta miƙe tana murmushi mai sanyi.

"Allah ya jiƙan kakan Hajiya, ya yi ƙoƙari. Ai abincin hanya ne, ba laifi, mutum na gudu ba ya tsayawa gyara. Mu da muka sauka muka zauna, mu muka mayar da shi abincin da za a ba baƙo ba a ji kunya ba. Kakata a Salaga ta yi suna da shi, har Turawa na aiko da kwano."

"Turawan da ba su san daɗin gishiri ba?"

"Gara su, sun san mai da yaji ba miya ba ne."

Daga nan abin magana ya bar hannun Taufiq. Ya yi ƙoƙarin cewa a bi tsari, babu mai jinsa. Matan suka rabu gida biyu, masu dangi a Gana da masu dangi a Nijeriya, wasu ma suna da dangi a duka biyun, suka dinga sauya sheƙa gwargwadon wadda ta fi iya baƙar magana. Aka tono kakanni, aka ambaci garuruwa, wani tsoho ya rantse kakansa ne ya fara kawo wake ƙasar Togo a cikin hula. Zahida na gefe ta ɗaga waya tana naɗar komai, kafaɗunta na rawa don dariya.

Limamin unguwa ne ya kwantar da ƙurar. Ya ce tunda ga masu ilimi, a bar su su raba gardama. Ido ya koma kan Dakta Alassani, wanda tun ɗazu ya lallaɓa bayan tebur, yana kan faranti na uku. Ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya goge hannu, ya yi gyaran murya.

"A ƙa'idar jami'a," in ji shi, "malami ba ya karɓe aikin ɗalibinsa. Ga shugaban ƙungiya nan. Shi zai ɗanɗana, shi zai faɗa." Ya duba wayarsa, ya ce ana nemansa da gaggawa, ya fice da ƙwai a hannu.

Aka zaunar da Taufiq a kujera tsakiyar fili, aka jera masa faranti uku. Gumi ya jiƙa kwat ɗin har baya. Ya ɗebi na mahaifiyarsa: ɗanɗanon da ya tashi da shi ne, na ranakun da ya dawo makaranta da yunwa. Ya ɗaga kai ya ga ta harɗe hannu tana kallonsa, kallon da ya sani tun yana rarrafe. Ya ɗebi waace, ya haɗa da shito da ɗan ganda. Allah ya yafe masa, abin ya yi daɗin da har ya lumshe ido bai sani ba, sai da ya ji mahaifiyarsa ta yi tsaki ya buɗe da sauri. Ga Hajiya Asiyatu, matar da yake fatan wata rana ya durƙusa gabanta a matsayin suruki, tana jiransa da murmushi. Ya taɓa ayimolun Adjara, barkono ya sarƙe shi, ya yi tari.

"Jama'a," ya ce, "a ilimin kwatanci ba a cewa wannan ya fi wannan. Kowanne yana da mahallinsa."

"Ƙarya ne!" in ji wani daga kan katanga. "Mun ga ka rufe ido!"

"Faɗi ɗaya mu ci abinci!"

Tchakoura ya sunkuyo kusa da kunnensa kamar mai gyara masa abin magana. "Zaɓi na gwaggona," ya raɗa masa. "Ita ba uwarka ba ce, ba uwar Zahida ba ce. Babu wadda za ta ce ka fifita kishiyar tukunyarta."

A wannan lokaci shawarar ta yi wa Taufiq kama da wahayi. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya bayyana cewa tunda Togo tana tsakanin Gana da Nijeriya, ayimolu shi ne mahaɗar al'adun biyu, ya ɗauko daga gabas ya ɗauko daga yamma, saboda haka a mahangar tarihi shi ne cikamakin tafiyar shinkafa da wake.

Adjara ba ta fahimci rabin maganar ba, amma ta fahimci ta ci. Ta rangaɗa guɗa, ta cire ɗankwali tana juyi, ta rungume Taufiq har ƙafarsa ta bar ƙasa. Jama'a suka yi kan tebur da kwanuka.

Hajiyoyin biyu kaɗai ba su motsa ba. Hajiya Batul ta dubi ɗanta, ta dubi tukunyarta, muryarta ta yi ƙasa.

"Da wannan abincin na raine shi. Yau a gaban duk Zongo ya zaɓi na bakin titi."

Hajiya Asiyatu ta matso ta dafa kafaɗarta. "Hajiya, ki yi haƙuri, ba laifinki ba ne. Boko ne ya kashe masa harshe. Ni na ɗanɗana naki ɗazu da ba kya kallo. Wallahi waken ya dahu daidai."

"Ke ma shiton nan naki," in ji Hajiya Batul tana share ido, "da busasshen kifi kike yi ko da jatan lande?"

Tasi ɗaya suka shiga suka tafi, ba wadda ta waiwayi alƙali.

Washegari Taufiq ya fito ya zauna inda ya saba karyawa, ya ga an zuba wa kowa ban da shi. Ya yi gyaran murya. Mahaifiyarsa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ai Adjara ta fito tun da sassafe, tana bakin masallaci. Haka ya koma cin ayimolu safe da rana. Adjara kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu. Da ta hango shi sai ta ɗaga murya, "Mon président! Shugabana!" ta ture masu layi, ta gaya wa kowa jami'a ce da kanta ta tabbatar da abincinta. Don girmamawa takan ninka masa barkono, shi kuma ba ya iya cewa a rage. Cikin ɗan lokaci ya rame, ya san hanyar kantin magani fiye da ta ɗakin karatu.

Da suka haɗu da Zahida a jami'a ya zaci za ta ɗaure fuska. Sai ya tarar da ita cikin fara'a, kunne toshe da abin sauraro, tana rubuta gardamar da ta naɗa. Ta ce idan aka tace zage-zagen, akwai sunayen zangon fatake da za su ishe ta babi guda, har Dakta Alassani ya ce a shirya taro na biyu, da sharaɗin kada a sa shi alƙalanci.

"Amma kai," ta ce, tana cire abin kunnen, "ka je Assigamé ka ba mahaifiyata haƙuri, in dai kana son taka gidanmu."

"Ai ban taɓa taka gidanku ba."

"Shi ne nake gaya maka," in ji ta, ta mayar da abin kunnenta.

Ya kwana yana juya maganar. Da safe ya sa farar riga da hula, ya hau zemijan har cikin gari, ya ratsa cunkoson Assigamé yana kauce wa masu dako, har ya gano shagon atamfar. Ya yi sallama ya durƙusa. Da ya ɗaga kai sai ya ga mata biyu zaune kan tarin atamfa suna shan koko a kofi iri ɗaya, ɗayarsu mahaifiyarsa ce.

"Ga alƙali," in ji Hajiya Batul.

Ya ba da haƙuri iya iyawarsa. Ya ce shaiɗan ne, ya ce Tchakoura ne, ya ce zafin rana ne. Suka bar shi ya gama tas. Sannan Hajiya Asiyatu ta ajiye kofi.

"Maganar abinci ta wuce, ɗana, wanda ba shi da harshe ba a riƙe shi da laifi. Wata tambaya gare ni. Wannan zama da kuke yi da 'yata a baranda, yau kwatanci gobe kwatanci, ina ya dosa?"

"Hajiya, aikin ƙungiya ne. Muna nazarin..."

"Ba ƙungiya na tambaye ka ba."

"Buɗe baki ka yi magana," in ji mahaifiyarsa. "Gajeriya."

Taufiq ya dubi ƙasa, ya dubi atamfa mai zanen tsuntsaye da ke gabansa, ya ce da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Ina sonta, Hajiya. Da aure."

"To, madalla. Ita ta faɗa mini tun bara, muna ta jira mu ga ko za ka gama gabatarwa." Hajiya Asiyatu ta ce mahaifin Zahida ya rasu, maganar aurenta tana hannun ƙanensa da ke zaune a Nima, can suke da gidan gado. Kafin manya su shiga, sai Taufiq ya je Accra da ƙafarsa ya gaishe shi, ya gan shi ido da ido.

Taufiq ya sosa ƙeya. Ya tambaya a hankali ko ba za a iya gaisuwar ta waya ba.

"Me ya sa?"

Hajiya Batul ta fashe da dariya har koko ya zube mata a zane. "Hajiya, ai wannan da kike gani bai taɓa fita Togo ba. Ko Aflao ta Gana da ke nan bayan gari bai taɓa leƙawa ba. Tun yana ƙarami in ya ga mai kaki sai ya ɓuya a bayana."

"Shugaban ƙetare iyakar?" in ji Hajiya Asiyatu. Dariyarsu ta sa maƙwabtan shago leƙowa.

Ya tafi kuwa. Tchakoura ya raka shi har bakin iyaka, yana ta ba shi shawarwari, Taufiq ya ce ya riƙe abinsa, ya sha shawararsa ta ishe shi. Ya shiga layi tsakanin mata masu ɗauke da buhuna a ka, katin shaidarsa a hannu ya jiƙe da gumi, ya shirya dogon bayani kan dalilin tafiyarsa. Jami'in ya dubi katin, ya dubi fuskarsa, ya yi masa nuni da hannu ya wuce, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Taufiq ya ɗan ji haushin hakan.

Ya tsaya a ɗaya ɓangaren yana dube-dube. Teku dai ita ce a hagunsa, rana ita ce, hayaniyar ma iri ɗaya. Ya tattaro ɗan Ingilishin da ya koya a littafi, ya tari wani mutum mai jar hula, ya haɗa jimla da ƙyar yana tambayar inda ake shiga motar Accra.

Mutumin ya dube shi daga hula har takalmi.

"Malam, yi Hausarka kawai," ya ce. "Ga mota can, saura mutum ɗaya. Yi sauri kafin matar nan mai kaji ta riga ka."

Taufiq ya tattare rigarsa ya ruga.